Kariyar gobara da hanyar tsira a gyaran tsofaffin gidajen Sakkwato

Kariyar gobara a gyaran tsohon gida ta ƙunshi matakan da ake ɗauka lokacin sabunta gini domin rage abin da ke tayar da wuta, da kuma samar wa mazauna hanyar fita idan ta tashi. A cikin birnin Sakkwato maganar ta fi shafar gidajen gado na unguwanni irin su Kanwuri, Giɗaɗawa da Alƙammawa, da waɗanda ke kewayen Ƙofar Rini da Ƙofar Taramniya, inda gidaje ke manne da juna kuma lungunan ba sa ɗaukar motar 'yan kwana-kwana.

Yadda ginin da yake

Ana danganta kafuwar birnin da Muhammadu Bello, wajen shekarar 1809, kuma tsarin gidajen da ke cikin ganuwa bai canza sosai ba har zuwa zamanin Turawa. Ana gina bango da tubali da laka, a jera azara ta giginya a sama, a shimfiɗa zana ko asabari, sannan a dafe da ƙasa. Azara ba ta cika haye faɗin da ya wuce kimanin mita 2 ba tare da tallafi ba, shi ya sa ɗakunan suke ƙanana, sai fa inda magini ya yi ɗaurin guga, wato rufin da ake tallafa wa da bakuna masu haɗuwa a tsakiya. Ƙasa ba ta cin wuta, azarar da ke binne a cikinta kuma ba ta samun iskar da za ta ruru.

Gidan yana da ƙofa ɗaya tak: daga zaure zuwa shigifa, daga nan zuwa cikin gida. Wannan bai zama haɗari babba ba a da, domin kowane ɗaki yana buɗewa ne zuwa tsakar gida, wadda sama ce rufinta. Hayaƙi ya tashi ya wuce, mutane su taru a fili, in ta kama a haura katanga zuwa gidan maƙwabci. Gobarar wancan lokaci ta fi cin bukkokin ciyawa, danga da rumbu, musamman da hunturu. Rufin kwano ya shigo a zamanin mulkin mallaka, amma da alama sai a shekarun 1970 ya game gari.

Abin da gyara ke ɓatawa

Gyaran zamani yakan cire kariyar nan guda biyu, wato rufin ƙasa da buɗaɗɗiyar tsakar gida, ya bar ƙofa ɗayar yadda take. Ana rushe soro a ɗora katako da kwano, a rufe tsakar gida a mayar da ita falo, a sa silin na roba, a like tagogi da ƙarfe saboda ɓarayi. Silin roba yana narkewa ya ɗiga, yana fitar da baƙin hayaƙi mai guba. Sararin da ke tsakanin silin da kwano kuwa hanya ce da wuta ke bi daga ɗaki zuwa ɗaki ba a gani ba. Maganinsa a ɗaga bangon da ke raba ɗakuna, da wanda ke tsakanin gida da maƙwabci, har ya taɓa kwano. A kicin da soron shiga an fi so a yi silin filasta.

Hanyar tsira

Ƙa'idar ita ce kowane ɗakin kwana ya samu mafita biyu: ƙofa, da taga mai buɗuwa ko wata ƙofar. Ma'aunin gidajen zama na Amurka ya ce buɗin tagar kada ya gaza faɗin santimita 51 da tsayin santimita 61, girmansa gaba ɗaya ya kai murabba'in mita 0.53, kuma kada gindinta ya wuce santimita 112 daga daɓe. Na Ingila ya fi sassauci: murabba'in mita 0.33, kowane gefe aƙalla santimita 45. Tagogin tsohon soro ba su kai ko ɗaya ba, don haka sai an faɗaɗa su, tare da sa lintal, wato abin da ke tallafe bango a saman taga, kafin a sare bangon laka, in ba haka ba ya tsage.

Ƙarfen taga ɗaya a kowane ɗaki, mai walda ya yi shi da hinji, sakatarsa ta ciki. Kwaɗo a nan kuskure ne, domin cikin duhu da hayaƙi ba a samun mabuɗi. Ba a ajiye babur, janareto ko jarkar fetur a zaure. Batun ƙofar baya akwai saɓani, saboda tsaro da kulle. Wasu kan yi ta su bar ta a sakace daga ciki.

Wayar lantarki

Tsohuwar waya an ja ta ne don ƙwai da fanka, yanzu kuma ana ɗora mata firji, na'urar sanyaya ɗaki da hita. A canza ta gaba ɗaya da ta jan ƙarfe, cikin bututu: mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, 4 ko 6 ga manyan kaya, kowane layi da birekarsa, tare da na'urar miliamfiya 30 mai yanke wuta idan ta zurare, da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa domin zurarar da wutar. Haɗin da aka murɗa aka naɗe da salatif a cikin silin shi ke zafi ya kama katako, galibi lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi ba kowa a gida. Janareto da sola su bi ta makunnin sauya layi.

Gas da garwashi

Iskar gas ta fi iska nauyi, takan kwanta a ƙasa, don haka kicin na bukatar kafa a ƙasan bango. Ana gwada tiyon gas da ruwan sabulu don gano inda yake yoyo. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki da sanyi yana kisa ko babu harshen wuta. Ƙararrawar hayaƙi a silin, da tukunyar kashe gobara mai hoda ta kilo 6 kusa da ƙofar kicin, sun isa ƙaramin gida.

Doka

Najeriya na da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, aiwatar da shi kuwa ya rataya a kan jihohi. Lambar kiran gaggawa ita ce 112.