Ridakshanizim: shin so sinadari ne kawai?

Kalmar ridakshanizim daga Turanci aka aro ta, kuma an fi jin ta a bakin ɗaliban kimiyya, irin waɗanda ke muhawara a inuwar dogon yaro a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Abin da take nufi shi ne: in kana son ka fahimci abu, warware shi zuwa ƙananan sassansa, in ka gane sassan ka gane shi. Bakaniken da ke gyaran kabu-kabu a bakin titi da ita yake cin abinci ko da bai san sunanta ba. Babur ya ƙi tashi, ya kwance fulogi, ya duba mai, ya kama mai laifin.

Wannan dabara ta yi wa kimiyya rana. A 1828 Bajamushe Friedrich Wöhler ya haɗa yuriya, sinadarin da ke cikin fitsari, a ɗakin gwaji, alhali ana ɗauka sai jiki mai rai ke iya samar da ita. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana ƙirar DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, aka fara gane yadda yaro ke ɗebo hancin kakansa.

Rigimar ta taso ne da aka kai wuƙar kan zuciya. Crick ɗin nan ya rubuta a 1994 cewa farin cikin mutum da baƙin cikinsa ba komai ba ne face aikin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa. A 2005 Helen Fisher da abokan aikinta a Amurka suka saka mutum 17 da so ya kama cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, suna nuna wa kowa hoton masoyinsa. Sassan da ke aiki da sinadarin dofamin suka motsa, wato sassan da ke ingiza mutum ya nemi abin da ransa ke kwaɗayi. Akwai kuma oksitosin, wanda ungozomomin asibiti suka sani sarai don da shi ake allurar naƙuda. An daɗe ana danganta shi da shaƙuwa saboda wani ɓeran daji na Amurka da ke riƙe mata ɗaya. Sai ga bincike a 2023 ya nuna ɓerayen da aka haifa ba su da mazaunin da sinadarin ke kamawa a jikinsu sun shaƙu da matansu lafiya lau. Ko a kan ɓera ma, ashe maganar ba ta ƙare ba.

Ni ban ga laifin warwara a matsayin hanyar aiki ba. Inda nake ja da baya shi ne kalmar "kawai". Cewa so yana tafiya da dofamin magana ce da gwaji ya nuna. Cewa so dofamin ne kawai da'awa ce ta falsafa, kuma babu na'urar da ta auna ta. Masanin fiziya Philip Anderson, wanda ya ci kyautar Nobel a 1977, ya yi wannan jayayya tun 1972: in sassa suka taru, wata sabuwar ɗabi'a kan fito wadda ba ka ganinta a sashe ɗaya. Ƙwayar ruwa guda ba ta jiƙa kowa, amma Gulbin Rima na cin mutum.

Ɗauki tawadar makarantar allo. Mai ilimin sinadarai zai faɗa maka gawayi nawa ne a ciki, ƙaro nawa, kuma duk gaskiya ya faɗa. Ba shi marsiyyar da Nana Asma'u ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ya auna tawadar har gobe, ba zai ciro maka baiti ɗaya ba sai ya koyi karatun. Mai imani zai ƙara da batun ruhi, wanda Alƙur'ani ya ce al'amarin Ubangiji ne, amma ko ba a je nan ba giɓin da ke tsakanin sassa da ma'ana yana nan.

Masu binciken 2005 ɗin kansu ba na'ura ce ta zaɓo musu masoyan ba. Sai da suka zauna da kowane ɗaya suka tambaye shi ko da gaske yana so, tun yaushe, kuma hoton wa za a kawo.