Waiwaye: Makarantar Freeman da ranar da doki ya bar gona

A jihar Nebraska ta Amurka, da wuya a zauna kan kasafin ilimi ba a taɓo makarantun karkara ba. Manoma na kuka da harajin filaye, wanda shi ne babban abin da ke riƙe da makarantun gwamnati a jihar. Iyaye na kuka da yadda yara ke fita tun duku-duku su hau bas, ba su dawowa sai yamma lis. Wasu gundumomin makaranta sun koma karatun kwana huɗu a mako, wasu kuma suna zaman ɗar-ɗar kada a haɗe su da maƙwabta. In gardama ta yi zafi, sai ka ji an koma kan shekarar 2005, lokacin da aka yi dokar da ta haɗe ƙananan gundumomin firamare kimanin 200 da manyan gundumomi masu sakandare. Jama'a sun soke dokar ta hanyar ƙuri'a a watan Nuwamban 2006, amma kafin nan aikin gama ya gama.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Wajen 1920 Nebraska na da gundumomin makaranta sama da 7,000, yau ba su kai 250 ba, kuma mafi yawan waɗanda suka ɓace sun ɓace ne tun kafin a haifi da yawa daga cikin masu gardamar yanzu. Wanda ke son ganin yadda aka faro, ya je yamma da garin Beatrice, inda wani ɗan ginin jan tubali mai ɗaki ɗaya yake tsaye a bakin hanya. Sunansa Makarantar Freeman.

Farkon labarin sananne ne. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta bai wa duk magidancin da ya zauna ya noma fili na shekara biyar eka 160, wato kimanin hekta 65. Daniel Freeman, wanda ake lissafawa cikin na farkon da suka karɓi irin wannan fili ranar 1 ga Janairun 1863, a nan yankin ya zauna. An buɗe makarantar a 1872. Malami ɗaya, murhun ƙarfe, yara daga masu koyon baƙi har zuwa samarin da ba sa zuwa sai lokacin sanyi in aikin gona ya lafa. A ɗakin ake zaɓe, a nan ake taron unguwa, har wata majami'a ta yi ibada a ciki. Kowa a jihar ya san guguwar dusar ƙanƙara ta 12 ga Janairun 1888 da ta rutsa da yara a makarantu irin wannan, ta kashe mutum kimanin 235 a faɗin yankin. An kuma san shari'ar da Daniel Freeman ya kai kan karanta Baibul a aji, wadda kotun ƙolin jihar ta yanke a 1902. Waɗannan su littattafai ke maimaitawa.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne doki.

Makarantar ɗaki ɗaya da ƙafar yaro aka auna ta, yawan yaran kuma da ƙarfin doki aka auna shi. Eka 160 ita ce daidai abin da gida ɗaya zai iya nomawa da 'yan dawakai ko alfadarai. Kowane murabba'in mil yana ɗaukar gonaki huɗu irin wannan, wato gidaje huɗu, kowanne cike da yara, domin gonar doki tana cin hannu. Akwai mai ba dabbobi ciyawa da asuba, akwai mai tatsar shanu, akwai mai bin keken doki a kaka yana ɓare masara da hannu, kai ɗaya bayan ɗaya, yana jefawa a ciki har yatsu su tsage saboda sanyi. In ka tattara gidajen da ke tsakanin mil biyu ko uku, ka samu yaran da za su cika aji. Wannan lissafin ne ya riƙe makarantar shekara da shekaru, ba tare da an rubuta shi a ko'ina ba.

Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, dawakai da alfadarai a gonakin Amurka sun kai kimanin miliyan 26, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar noma abincinsu ake shukawa a kai. A daidai lokacin tarakta ta fara shigowa. Nebraska ma ita ce ta yi doka a 1919 cewa sai an gwada kowace irin tarakta a jami'ar jihar kafin a sayar da ita, aka fara gwajin a 1920. Taraktocin farko masu ƙafar ƙarfe ne, nauyi gare su, ba sa sauri. Da aka sa musu tayar roba a farkon shekarun 1930, sai manomi ya iya hawa hanya ya je ya nome wata gonar da ke nesa da gidansa, ya dawo kafin duhu. Ƙaramin sauyi ne a ido, amma a nan ne gona ta rabu da gida.

Doki daga gonar yake ci, kuma goɗiya tana haifar magajinta. Tarakta kuwa kuɗi take ci: mai, kayan gyara, bashin banki. Eka 160 ba ta isa ta biya wannan ba. Wanda ya sayi inji dole ya ƙara fili, kuma babu inda filin yake sai gonar maƙwabci. Fari da karyewar tattalin arziki na shekarun 1930 sun sa da yawa sun sayar ko an karɓe. Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe samari zuwa fagen daga da masana'antu, waɗanda suka rage a gona suka ƙara jingina da inji, na can kuma da yawansu ba su dawo ba. Injin karyar masara ya ɗauke aikin da a da yake tara gida duka. Zuwa 1954 taraktoci sun fi dawakai da alfadarai yawa a gonakin ƙasar.

Ba na ganin laifin manomin da ya sayi tarakta. Wanda ya taɓa wuni a bayan garma ba zai ƙi abin da zai sauƙaƙa masa ba, kuma amfanin gona ya ƙaru ƙwarai. Amma duk gonar da aka haɗe da wata, gida ɗaya ya mutu, benci ɗaya ko biyu sun zama wayam a aji. A tsakiyar shekarun 1930 Nebraska na da gonaki sama da 130,000. Yanzu kimanin 44,000 ne.

Sauran abubuwan duk biyo baya suka yi. An zuba tsakuwa a hanyoyin karkara har mota ta iya bi ko ƙasa ta jiƙe. A 1939 wani masanin ilimi haifaffen Nebraska, Frank Cyr, ya tara wakilan jihohi a New York, aka amince da ƙa'idojin motar ɗaukar ɗalibai, har da launin ɗorawa da aka san ta da shi. An ɗaga matakin takardar shaidar malanta, iyaye kuma suka fara son yaransu su yi sakandare, abin da ɗaki ɗaya ba zai iya bayarwa ba. Aji mai yara biyar ko shida sai ya zama da wuyar karewa a gaban masu biyan haraji, ko da malamar ta iya aikinta, ko da kuwa a nan kakanninsu suka koyi karatu.

Makarantar Freeman ta jure fiye da yawancin takwarorinta. Sai a 1967 aka rufe ta, bayan shekara 95 ana karatu a ciki. A 1970 aka haɗa ta da wurin tarihin da ke kan tsohon filin Daniel Freeman, aka gyara ta ta koma kamannin shekarun 1870. Yau ɗalibai kan zo daga garuruwa su zauna a kan bencin katako, su ga allon da ake rubutu da murhun da malami ke hurawa kafin yara su iso. In suka leƙa ta taga, masara da waken suya za su gani. Matsakaiciyar gona a jihar yanzu ta kusa eka 1,000, filin da a zamanin da aka aza tubalin wannan ɗaki yake ɗauke da gidaje shida.