Madatsar Ruwa ta Zobe

Zobe madatsar ruwa ce a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma ta jihar Katsina, a kan kogin Karaduwa. An gama gina ta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Bangonta na ƙasa ne, tsayinsa mita 19, tsawonsa mita 2,750, tana kuma ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 170. Ruwan sha da noman rani aka yi ta dominsu, amma aikin kai ruwan birnin Katsina ya ja shekaru, sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi.

Kamun kifi ne babbar sana'ar bakin ruwan. Ana kama karfasa da tarwaɗa, da birgi (ragar jefawa) ko kalli (ragar da ake kafawa a cikin ruwa) ko ƙugiya. Kalli da yamma ake shimfiɗa shi, a ɗebe da asuba. In rana ta ɗaga kafin a zo, kifin da ya mutu a ciki ya fara kumbura. Idon raga bai kamata ya gaza inci 3 ba. Mai ƙanƙanin ido yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su yi ƙwai ba, kuma wannan ɓarna ce da masunta da kansu suke fara ɗanɗana kuɗarta.

Abin da bai shiga kasuwa ɗanye ba, banda ake yi da shi. A farke ciki, a wanke, a sa gishiri, tarwaɗa a lanƙwasa ta a soke da tsinke, a jera kan waya bisa rabin durom. Wutar ƙasa-ƙasa ake so, mai hayaƙi, ana juyawa. In ta yi ƙarfi sai baya ya ƙone ciki na jiƙe, kwana kaɗan tsutsa ta fito. Kilo 3 na ɗanye yakan koma kusan kilo 1. Fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari guba ce ga mai ci.

In ruwa ya ja baya, manoman rani kan bi gefensa da tumatir, albasa da tattasai.

Mai zuwa buɗe ido ya zaɓi hunturu, da sassafe, lokacin da zalɓe da balbela ke kiwo a gaɓa. Wanka a gefen da ruwa ke kwance na jawo tsargiya, saboda ƙananan dodon-koɗi da ke ɗauke da ƙwayar cutar. Yankin ya sha fama da 'yan bindiga, don haka baƙo kan tambayi halin hanya a Dutsin-Ma kafin ya kama ta, ya kuma juyo kafin la'asar ta yi sanyi.