Tawadar alkol a kan ƙarfe: tambayoyin masu yin katin biki a Damagaram

Tun da na fara liƙa ƴan ƙarafa masu launi a jikin katin gayyata da akwatin kyauta, mata ke tare ni a gidan biki da tambayoyi. Ga waɗanda aka fi yi mini.

Malama, mece ce tawadar alkol, kuma me ya raba ta da fenti?

Rini ne da aka narkar a cikin alkol, irin wanda ake goge ciwo da shi. Da an ɗiga, alkol ɗin ya tashi, sai rinin ya zauna. Fenti rufe ƙarfe yake yi, ita kuwa ana hango ƙyallin ƙarfen ta cikinta, kamar an kalli rana ta gyale. Shi ya sa launin ƙarfen ke shiga cikin lissafi: shuɗi a kan farin alminiyon shuɗi ne, amma a kan ƙarfe mai ruwan zinariya sai ya karkata zuwa kore. A kan takarda kuwa ba ta da daɗi, tsotse ta take yi har ta fito ta baya. Don haka a shafa wa ƙarfen launi tukuna, ya bushe, sannan a liƙa.

Ina zan same ta?

Ta kwalba, irin su Piñata ta kamfanin Jacquard ko ta Ranger, daga Amurka suke, sai dai saƙo. Ni ban jira su ba. Alƙalamin maka wanda ba ya gogewa, irin na rubutu a jikin kwali, rininsa alkol ke narkar da shi. Ki fasa shi, ki ciro lagwanin cikin, ki jiƙa a ƴar kwalba mai murfi da alkol kamar cokali uku, ki bar shi ya kwana. A farmasi ki ce a ba ki alkol na kashi 90. Na 70 ruwa ya yi masa yawa, yana barin tabo.

Wane ƙarfe ake tayar wa zane?

Takardar alminiyon ta girki ta cika laushi, sai an ninka ta ko an manna ta a kwali. Wanda na fi so shi ne farin murfin da ke cikin gwangwanin madarar gari, wanda ake yagewa a yar. Gwangwanin lemo ma yana yi, kaurinsa wajen milimita 0.1, amma bakinsa reza ne, kuma yana da shafe a jiki, sai an ɗan goge da sanfefa.

Ki shimfiɗa murfin a kan tsohuwar jarida ninki da yawa, ki ɗauki bik da tawadarsa ta ƙare, ki danna zanen ta baya. In kin juya, ya taso. Daga nan ki bi gefen tudun ta gaba da tsinke marar kaifi don ya fito sosai. Zane kuwa ba sai kin je intanet ba: ki zaga tsohuwar unguwar Birni ki kalli adon da magina suka tayar a fuskar tsofaffin zauruka, ko ki ɗauki dagi. Abu ɗaya: rubutu a juye ake yinsa. Na taɓa danna sunan amarya a murfi ashirin kafin na juya na farko, sai da madubi ake karantawa. Ranar ban ci abincin rana da daɗi ba.

Tawa tana bushewa kafin in baza ta. Laifin wa?

Laifin garinmu. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, lokacin hunturu kuma iska a bushe take, alkol ba ya jiran kowa. Ni bayan sallar asuba nake wannan aiki, fanka a kashe. Nakan fara goge ƙarfen da alkol don maiƙon hannu ya fita, in bar shi da ɗan danshi, sannan in ɗiga launi. Sai ki ga yana gudu da kansa yana taruwa a kwarin zanen, tudun kuma ya yi haske. In ina so ya yi rassa, sai in hura da bututun shan lemo. In ina son dabbare-dabbare, auduga nake dangwalawa, ba na ja.

Launi biyu sun isa, uku in kin matsa. Ja da kore in sun haɗu laka suke zama. Kuskure kuma ba abin kuka ba ne, ɗigon alkol ɗaya yana tayar da busasshiyar tawada, ki goge ki sake. In ya bushe, ki shafi kan tudun a hankali da sanfefa mai laushi, farin ƙarfen ya leƙo.

Hajiya, ba najasa ba ce?

Malamai sun saɓa a kan alkol da ba na sha ba, kamar yadda suka saɓa a kan turare mai alkol. Ki tambayi malamin da kika natsu da shi. Abin da babu saɓani a kai shi ne wuta: yana kamawa nan take. Kada a yi aikin kusa da murhu, kasko na turaren wuta ko fitilar kwai. A buɗe taga, a kuma ɗauke kwalbar daga inda yara ke kaiwa.

Launin zai daɗe?

A inuwa, e. Rini ne, rana tana cin sa, katin da aka ajiye a taga zai koɗe. Ki shafa masa vanish mai ruwa, shafi ɗaya marar kauri, kada ki yi ta komawa da burushi. Vanish mai alkol ko feshin turare narkar da aikin zai yi. Kafin ki liƙa, ki cika ramin bayan zanen da farin gam ya bushe, in ba haka ba kati hamsin da aka ɗaure da roba aka sa a jaka za su iso gidan biki a lotse.