Hanyoyin gudu a birnin Biyana da dazuzzukan kewayensa

Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, yana gaɓar kogin Danub ne, a daidai inda duwatsun Alps suke ƙarewa ta gabas. Masu gudun motsa jiki a birnin suna da fage iri uku: miƙaƙƙun tituna a dajin Prater, gaɓar kogi da tsibirin da ke tsakiyarsa, sai kuma tuddan dajin Wienerwald da ya rungume birnin ta yamma da arewa maso yamma. Kusan babu ɗaya daga cikinsu da aka yi domin gudu. Wasu gadon farautar sarakuna ne, wasu aikin kare gari daga ambaliya ne, wasu kuma sun tsira ne daga gatarin 'yan katako.

Prater da titin Hauptallee

Prater fadama ce mai itatuwa tsakanin Danub da wani reshensa da ake kira Donaukanal, faɗinta kimanin murabba'in kilomita 6. Gidan sarautar Habsburg ya keɓe ta domin farauta tun ƙarni na 16, talaka bai isa ya taka ba, har shekarar 1766 da Sarki Joseph na Biyu ya buɗe ta ga kowa.

Ƙashin bayan wurin shi ne Hauptallee, titi miƙaƙƙe ɗoɗar mai tsawon kilomita 4.4 ko kusa da haka, daga shataletalen Praterstern zuwa wani tsohon gidan shaƙatawa mai suna Lusthaus. An fara share shi a wajajen 1537 zuwa 1538, amma ruwa ya daɗe yana raba shi biyu, kuma bai haɗe ba sai a wajajen 1867. Itatuwan da mutanen garin ke kira Kastanie sun jeru a gefensa sahu-sahu. Suna yin farin fure a ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, a kaka kuma 'ya'yansu masu ƙwalli su zube a ƙasa, wanda ya taka ɗaya cikin sauri yana iya gurɗewa. Tsakiyar titin kwalta ce, a gefe akwai hanyoyin ƙasa masu laushi, har da ta mahaya dawaki. Akwai fitilu, shi ya sa ba ya rabo da masu gudu ko da daddare cikin hunturu.

Tsere a wannan titi ya girmi wasannin zamani. Masu sarauta da attajiran birnin suna ɗaukar barori da ake kira Laufer, aikinsu su ruga a gaban keken doki suna buɗe hanya, da dare kuma riƙe da wuta. Daga wajajen 1822 zuwa 1847 akan haɗa waɗannan barori tsere a Prater kowace ranar 1 ga Mayu, jama'a na kallo, iyayen gidansu na caca a kansu. An hana shi a 1848, shekarar juyin juya hali, bisa cewa cin zarafin ɗan Adam ne.

A kan titin nan ne Eliud Kipchoge na ƙasar Kenya ya cinye nisan gudun fanfalaki, kilomita 42.195, cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, da safiyar 12 ga Oktoban 2019. Shi ne mutum na farko da ya yi haka ƙasa da awa biyu, bayan yunƙurinsa na 2017 a Monza ta Italiya ya tsaya a 2:00:25. An zaɓi Hauptallee saboda ba hawa ba gangara, ga itatuwa na tare iska. Ya taso daga gadar Reichsbrücke, ya yi ta kai da komo tsakanin shataletalen Praterstern da na Lusthaus, kowace kilomita cikin kimanin minti 2 da daƙiƙa 50. Hukumar wasannin guje-guje ta duniya ba ta karɓi wannan a matsayin tarihin da aka kafa ba, domin 'yan gudu 41 ne suka riƙa karɓa-karɓa wajen saita masa sauri, mota na gaba tana haska musu layi a ƙasa, masu kekuna kuma na miƙa masa abin sha.

Tsibirin Danub

Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, Danub a Biyana rassa ne barkatai masu sauya hanya, kuma ambaliyar 1830 da ta 1862 sun yi ɓarna mai yawa. Tsakanin 1870 da 1875 aka miƙar da kogin zuwa magudana ɗaya. Tsohon babban reshen ya zama tafki, shi ne Alte Donau, wanda a yau ake zagaya shi a guje ta cikin unguwanni da wuraren wanka.

Wannan gyara bai wadatar ba. Bayan ambaliyar 1954 aka soma tunanin haƙa wata magudana ta biyu kusa da kogin, wadda za a buɗe wa ruwa in ya yi yawa. An yi aikin daga 1972 zuwa 1988, ƙasar da aka haƙo kuma aka jibge ta tsakanin ruwan biyu, ta zama tsibirin Donauinsel, mai tsawon kilomita 21, amma siriri, a wasu wurare bai kai mita 100 a faɗi ba. An yi jayayya kan aikin a majalisar birnin, jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta ÖVP ta ƙi shi.

Tsawon tsibirin ya yi daidai da rabin gudun fanfalaki, saboda haka masu shirin dogon tsere suka ɗauke shi fagen atisaye. Motocin jama'a ba sa shiga, hanyoyin kwalta ne da tsakuwa, sai dai a yi hattara da masu keke. Abin da ya fi wahalar da mai gudu a nan iska ce. Takan biyo kwarin kogin daga arewa maso yamma, wanda ya tafi kudu da ita a bayansa zai ji jikinsa sakayau, in ya juyo sai ta tare shi a ƙirji har gida. Inuwa ma ba ta da yawa a tsakiyar tsibirin lokacin zafi.

Gaɓar Donaukanal, mai tsawon kilomita 17, ita ce mafi kusa da tsakiyar gari.

Dajin Wienerwald

Dajin ya haura murabba'in kilomita 1,000, mafi yawansa a jihar Niederösterreich, gefensa kuma cikin iyakar birnin. A farkon shekarun 1870 gwamnati ta yi niyyar sayar da wani babban yanki nasa ga ɗan kasuwar katako. Josef Schöffel, tsohon soja, ya tashi haiƙan yana rubuce-rubuce a jarida, aka kai shi kotu, bai janye ba, har aka fasa cinikin a wajajen 1872. A 1905 majalisar birnin ta ayyana zoben daji da makiyaya da ba za a yi gini a kai ba, a 2005 kuma UNESCO ta sa dajin cikin wuraren da take karewa. Duk wanda ya sauka daga jirgin cikin gari ya faɗa daji cikin minti kaɗan, albarkacin wannan fafutuka yake ci.

Gudu a nan na hawa da sauka ne. Hermannskogel, wuri mafi tsayi a birnin, ya ɗan haura mita 540, Kahlenberg yana da 484, Leopoldsberg 425. Daga waɗannan tuddai ne rundunar Sarkin Folan, Jan Sobieski, ta gangaro kan sojojin Daular Usmaniyya a 1683. Hukumar birnin ta sa alamu a hanyoyin ƙafa da ake kira Stadtwanderwege. Ta ɗaya, mai kimanin kilomita 11, tana tashi daga Nussdorf, ta ratsa gonakin inabi zuwa Kahlenberg ta dawo. Mafi tsanani ita ce Nasenweg, gajeruwar hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe da matakala daga bakin kogi zuwa kan Leopoldsberg, inda mafi yawan masu gudu kan koma tafiya kafin su kai sama. Bayan ruwan sama ƙasar dajin takan zama laka mai santsi da kama takalmi. Akwai kaska daga bazara zuwa kaka, wasu na ɗauke da cuta, don haka akan duba jiki bayan an fito.

Lainzer Tiergarten, a kudu maso yamma, tsohon gandun farauta ne da katanga mai kimanin kilomita 22 ta kewaye, an gina ta a shekarun 1780. Ana shiga ta ƙofofi ne a ƙayyadaddun lokuta, kuma aladun daji na yawo a sake a ciki.

Gasa

Ana yin gudun fanfalaki na birnin Biyana tun 1984, galibi a watan Afrilu. Masu tsere kan haye gadar Reichsbrücke tun da farko, su bi ta Hauptallee, su ƙare a titin Ringstraße da ke kewaye da tsohon gari.