Idan Bugun Zuciya Ya Yi Ƙasa: Tambayoyin Ɗakin Gaggawa a Gombe

Waɗannan tambayoyi ne da ƙananan likitoci da ma'aikatan jinya suka sha yi mini a nan Gombe, galibi a aikin dare, muna tsaye a bakin gadon majinyaci.

Bugu nawa ne ake cewa ya yi ƙasa?

A littafi, ƙasa da 60 a minti ɗaya. Amma wanda ke jefa mutum cikin hatsari yawanci ƙasa da 50 ne. Ɗan ƙwallo na iya zuwa da 48 yana ta hira, hannunsa da ɗumi. Wannan a sa masa ido, a nemi dalili. Wanda ke tayar mini da hankali shi ne dattijon da aka ɗauko ranga-ranga, gumi mai sanyi ya jiƙa masa riga, ka ce "Baba, ina ke ciwo?" ya bi ka da ido kawai. Idan jini ya sauka, ko hankali ya ruɗe, ko gaɓoɓi sun yi sanyi, ko ƙirji na ciwo, ko ruwa ya taru a huhu, to babu jira. A duba numfashi, a ba da iskar oksijin in ta yi ƙaranci, a kama jijiya, a ɗauki ECG, wato gwajin da ke zana tafiyar wutar zuciya.

Me ya canja a ƙa'idar 2020?

A 2020 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta ɗaga allurar farko ta atrofin, maganin da ke ƙara saurin bugun zuciya, daga miligiram 0.5 zuwa miligiram 1 ta jijiya. Ana maimaitawa duk minti 3 zuwa 5, kada jimilla ta wuce miligiram 3. Ƙa'idar Ingila da ta Turai ta 2021 kuwa ta tsaya a 0.5, iyakarta ita ma 3. Shi ya sa za ka ji likitoci biyu na musu alhali kowa na da hujja. Ni abin da na fi damuwa da shi, kowane ɗakin gaggawa ya zaɓi ɗaya ya manna a bango. Kuma a karanta jikin kwalba kafin a zuƙa, don ƙarfin maganin ba ɗaya ba ne daga kamfani zuwa kamfani. A tura shi da sauri. Ɗan kaɗan da aka ɗiga a hankali na iya ƙara rage bugun.

In atrofin ya ƙi aiki fa?

Nan ne muke asarar lokaci. Atrofin yana sakin birkin da jijiyar begas ke taka wa zuciya ne, don haka idan hanyar wutar zuciya ta toshe daga can ƙasa, kamar a nau'in toshewar da ake kira Mobitz na biyu ko cikakken toshewa mai faɗin QRS (zanen bugu a ECG), da wuya ya yi tasiri. Kada ka ƙare miligiram 3 kana kallon agogo. Tun allurar farko ka sa a haɗa adirenalin cikin ƙarin ruwa, makirogiram 2 zuwa 10 a minti, ko dofamin, makirogiram 5 zuwa 20 ga kowane kilo a minti bisa ƙa'idar 2020.

Idan na'urar farfaɗo da zuciya da ke ɗakinku tana iya bai wa zuciya bugu ta fata, a manna, a ƙara wuta a hankali har zuciya ta bi. Amma kada allo ya ruɗe ka: ɗora yatsa a jijiyar matsematsi ka ji bugun da kanka. Abin yana da zafi ƙwarai, a ba shi maganin rage raɗaɗi. Wanda ke ƙaramin asibiti a Bajoga ko Kaltungo, ya fara kiran Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe tun ruwan na tafiya, kuma ma'aikaci ya raka shi a mota.

Wane dalili muka fi mantawa da shi?

Jakar magani. Ka ce wa ɗan rakiya, "Malam, zazzage mini duk abin da Baba ke sha." Sau da yawa za ka ga atenolol ko furofaranolol na hawan jini, ko digozin na ciwon zuciya, wani lokaci magani ɗaya da sunan kamfani biyu ana shan su tare. Sai mai ciwon ƙoda da sinadarin fotasiyam ya hau masa: wannan kalsiyam ta jijiya yake buƙata, sannan insulin da sukari. Kada kuma a manta da toshewar jijiyar da ke ciyar da ƙasan zuciya. ECG zai nuna.

Iyakar miligiram 3 ta shafi wanda ya sha fiya-fiya?

A'a. Manomin rani daga Dadin Kowa da maganin feshi ya shige shi, yawu na dalala, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji na kurnu, dokarsa daban. Ana ninka atrofin duk bayan kimanin minti 5 har ƙirji ya bushe, bugu ya tashi, ko da kwalabe da yawa za su ƙare. A tuɓe masa kaya, a wanke fata, mai wankin ya sa safar hannu.

Yara fa?

A yaro, kusan kullum ƙarancin iska ne ke kawo shi, ba ciwon zuciya ba. A fara da numfashi. Idan an ba da iska yadda ya kamata amma bugu na ƙasa da 60 kuma jikin ya saki, a fara danna ƙirji nan take, ko da ana ɗan jin bugun, sannan a ba da adirenalin miligiram 0.01 ga kowane kilo.