Kafin Ka Ɗora Manhajar Kasuwanci a Kwamfuta: Tambayoyi da Amsoshi

Me ake nufi da buƙatun manhaja?

Duk manhajar lissafin kuɗi, ko ta ƙidayar kaya, ko ta biyan albashi, tana da abubuwan da take so ta tarar a kwamfuta kafin ta zauna. Akwai na jikin na'urar, wato furosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki) da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) da faifan ajiya, akwai kuma na manhaja, wato irin Windows ɗin da ke kai da wasu ƙananan manhajoji da take jingina da su. Yawanci kamfani kan kawo jeri biyu: mafi ƙaranci, da wanda ya ba da shawara.

Wanne zan bi a ciki?

Na biyun. Mafi ƙaranci yana nufin manhajar za ta buɗe ne kawai, babu wanda ya yi maka alkawarin za ta yi sauri. Windows 11 ita kaɗai tana neman RAM gigabait 4 da ma'ajiya gigabait 64. To idan 4 ɗin ke gare ka, Windows ta riga ta kwashe kaso mai tsoka, ina manhajar za ta raɓa? Ka buɗe rahoton ƙarshen wata, ga Excel a gefe, ga shafukan intanet biyar, sai 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa, mai sayayya na tsaye yana jiran rasit. A ganina daga 8 ake fara magana, kwamfutar da ke riƙe da bayanan kowa kuwa a ba ta 16.

Faifan ajiya fa?

In da hali a sa SSD, wato faifan zamani mai sauri wanda ba ya juyawa. Tsohon faifai mai juyawa shi ne ke sa kwamfuta nawa fiye da yadda mutane suke zato, ana ta zargin furosesa a banza. Kuma kada ka auna wuri da girman manhajar kaɗai. Ita ba ta cika girma ba, bayanan ne ke ƙaruwa kullum. Manhajoji da dama suna ajiye bayanansu a SQL Server Express na kyauta, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, wadda a fitowar 2022 rumbu ɗaya ba ya wuce gigabait 10. Ranar da ya cika, ko faifanka fanko ne ba zai karɓi sabuwar shigarwa ba.

Kwamfutata tana kan Windows 10, za ta yi?

Tana iya yi, amma Microsoft ya daina tallafa mata na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma masu manhajoji sukan bi sahu. Komawa 11 na buƙatar furosesa mai bit 64 da guntun tsaro TPM 2.0, nan ne tsofaffin kwamfutoci da yawa suke faɗuwa. Idan Windows ɗinka mai bit 32 ce, ba ta iya amfani da RAM sama da gigabait 4, ko nawa ka cusa mata.

Ta yaya zan san abin da ke cikin tawa?

Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta msinfo32. Furosesa da RAM da nau'in Windows duk za su bayyana.

Komai ya cika amma ta ƙi ɗoruwa. Me ya faru?

Fara duba ko da asusun mai cikakken iko ka shiga, don asusun da ba shi da cikakken iko ba ya iya girka yawancin irin waɗannan manhajoji. Sai ka duba ko akwai .NET Framework, wani ɓangaren tallafi na Microsoft wanda manhajoji da yawa ba sa motsi sai da shi. Wani lokacin kuma manhajar kashe bairos ce ta tare fayil ɗin girkawar shiru.

Idan mutum biyar za su yi aiki da ita lokaci guda?

Kwamfuta ɗaya za ta riƙe bayanan, sauran su ɗebo daga gare ta. A haɗa su da kebul, don Wi-Fi yakan yanke, kuma yankewa ana tsakiyar adana ciniki na iya lalata fayil. Ɗaukewar wuta ma haka, shi ya sa wannan kwamfutar take buƙatar UPS, wato batirin da ke riƙe ta na ɗan lokaci idan wuta ta ɗauke. A tambayi kamfanin ko lasisin na mutum nawa ne, a kuma gwada firintar rasit da na'urar karanta lambar kaya tun kafin ranar fara aiki, don ba kowace firinta ce ke da direba (manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta) da ya dace da sabuwar Windows ba.